Sinclair Lewis, marubucin da ya saurari Amurka kafin ya yi mata zambo

Ɗan'uwa, tambayarka ta iso ni. Ka ce kana yawan cin karo da labarin wani marubucin Amurka da aka ce tun 1935 ya hango za a yi mulkin kama-karya a ƙasarsa, kana son sanin ko wane ne, ko da gaske hangen gaba ya yi, da kuma littafinsa da ya kamata mutum ya fara da shi. Sunansa Sinclair Lewis, littafin kuwa shi ne It Can't Happen Here, ma'ana "haka ba za ta taɓa faruwa a nan ba". Na daɗe ina karanta mutumin nan ina kuma koyar da littattafansa, kuma yana ci mini rai in ga ana mayar da shi boka. Lewis bai san gaibu ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Shekara da shekaru ya yi yana sauraron yadda masu mutuncin ƙasarsa ke magana a kanti da coci da cikin jirgin ƙasa, kuma daga bakinsu ya ɗebo duk abin da ya rubuta. In kana son fahimtar littafin 1935, sai ka san hanyar da ya biyo kafin ya iso gare shi.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1885, a Sauk Centre, wani ɗan ƙaramin gari na manoma a jihar Minnesota, wanda mutanensa ba su kai 3,000 ba a lokacin. Mahaifinsa likita ne, mutum mai tsare gida, marar yawan magana. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6. Ya tashi dogo, siriri, mai jan gashi, har "Red" ta zame masa laƙabi, ga ƙuraje sun ɓata masa fuska. Bai iya wasanni ba, ba shi da abokai, kullum ana gwada shi da yayansa Claude wanda daga baya ya zama likita kamar ubansu. Yana ɗan shekara 13 ya gudu daga gida wai zai je ya zama makaɗin ganga a yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, aka komo da shi. Ka riƙe hoton yaron nan a zuciyarka, yaron da ke tsaye a bakin taro yana kallon kowa, yana son a kira shi ciki, yana kuma jin haushin waɗanda suka ƙi kiran. A ganina bai taɓa rabuwa da shi ba har ya mutu.

Ya shiga jami'ar Yale a 1903, bai gama ba sai 1908, saboda yawo ya ɗauke masa hankali. Ya bi jirgin ruwa mai dakon shanu zuwa Ingila, ya je Panama neman aiki, ya yi shara da kula da wuta a gidan zaman haɗaka da marubuci Upton Sinclair ya kafa a New Jersey. (Kada sunan ya rikita ka, mutane biyu ne daban, kuma ba su da dangantaka.) Bayan nan ya yi aikin jarida da na kamfanonin ɗab'i, har ya riƙa sayar wa marubuci Jack London da ƙashin labarai a kan 'yan daloli. Littattafansa na farko ba su yi wani tashe ba, ba sai mun tsaya a kansu ba.

Sai 1920, da littafinsa Main Street ya fito. Labarin Carol ne, yarinya mai ilimi da ta auri likita ta bi shi garinsu Gopher Prairie, tana tunanin za ta gyara garin, ta kawo wasan kwaikwayo da karatu da kyawawan gine-gine. Garin ya cinye ta da tsegumi da sa-ido da kallon "wace ce ke". Kafin wannan littafin, Amurkawa sun saba a gaya musu cewa ƙaramin gari shi ne matattarar kirki da gaskiya, lalacewa kuwa sai birni. Lewis ya zo ya ce musu a'a, ga rowar tunani, ga tsoron baƙo, ga ƙin duk wanda ya bambanta. An sayar da kwafi kusan 180,000 cikin wata shida. Mutanen Sauk Centre suka gane kansu a ciki, ransu ya ɓaci ƙwarai. Alƙalan Pulitzer, babbar kyautar adabi ta Amurka, sun zaɓe shi a 1921, amma masu faɗa a ji a kan kyautar suka soke, suka ba marubuciya Edith Wharton.

Ni dai Babbitt, na 1922, shi ne gwaninta, kuma a nan nake son mu ɗan zauna. George Babbitt dillalin gidaje da filaye ne, ɗan shekara 46, a wani birni da Lewis ya ƙirƙira mai suna Zenith. Kafin ya fara rubutu sai da ya zana taswirar birnin da hannunsa, ya zana fasalin gidan Babbitt ɗaki-ɗaki, ya rubuta tarihin mutanen da za su shigo labarin, ya kuma yi ta yawo a biranen tsakiyar Amurka yana zama cikin 'yan kasuwa yana rubuta irin kalmomin da suke faɗa. Babukan farko, kwana ɗaya tak suke bi na rayuwar mutumin. Agogon ƙararrawa ya tashe shi, yana alfahari da agogon don shi ne wanda ake tallarsa a duk faɗin ƙasa. Ya shiga banɗaki ya tarar iyalinsa sun jiƙa duk tawul ɗin, ransa ya ɓaci, sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan: ya goge fuska da tawul ɗin da aka ajiye don baƙi, mai ɗinkin furanni, wanda ake ratayewa don ado, ko baƙin ma ba sa taɓa shi. Wannan ita ce iyakar tawayen da ƙarfinsa ya kai. Daga nan ya sa kwat, ya maƙala bajon ƙungiyar masu tallata birni a ƙirji, sai ya ji ya zama mutum.

Ka ga yadda zambon Lewis yake. Ba ya zagin Babbitt. Barinsa yake ya yi magana, shafi bayan shafi, har ka gane babu ra'ayi ɗaya a bakinsa da yake nasa ne. Ra'ayin siyasa jaridar safe ta ba shi, na addini limamin coci ya ba shi, abin da zai so kuwa 'yan talla ne suka zaɓa masa. Mu a wurinmu zambo yakan kama suna ko siffar mutum ɗaya, habaici kuma ya bar mai shi ya tsargu. Na Lewis ya fi kusa da habaici, sai dai ƙasa guda ce ta tsargu. Sunan Babbitt ya shiga ƙamus ɗin Turanci, ana kiran duk ɗan kasuwar da ke bin yarima a sha kiɗa da shi.

Amma abin da ya sa nake girmama littafin shi ne rabinsa na biyu. Amininsa Paul ya harbi tasa matar, aka ɗaure shi, sai duniyar Babbitt ta girgiza. Ya fara shan giya, ya yi farka, ya fara cewa ma'aikata masu yajin aiki su ma mutane ne. Nan take abokan kasuwancinsa suka juya masa baya. Suka kafa wata ƙungiya wai ta 'yan ƙasa nagari, suka ce ya shiga, ya ƙi. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Gaisuwa ce ta yi sanyi, ciniki ya fara zamewa, ana ganinsa a yi shiru. Da matar Babbitt ta kwanta rashin lafiya aka yi mata aiki, mutanen nan suka zo dubiya da fara'a, shi kuwa ya koma cikinsu da murna, ya shiga ƙungiyar. A ƙarshe ya gaya wa ɗansa cewa shi a rayuwarsa bai taɓa yin abu ɗaya da ransa yake so ba. Duk lokacin da na kai wannan wurin da ɗalibai, ajin yakan yi tsit, domin kowa ya san wani Babbitt, wani lokaci ma a gidansu. Ka lura da ƙungiyar nan ta 'yan ƙasa nagari, za ka sake haɗuwa da ita bayan shekara 13, ta sa kaki.

Arrowsmith, na 1925, labarin likita mai bincike ne da yadda kuɗi da neman suna ke lalata ilimi. Ya rubuta shi da taimakon wani masanin ƙwayoyin cuta, Paul de Kruif. A 1926 aka ba shi Pulitzer a kansa, ya ce ba ya so, yana mai cewa irin waɗannan kyaututtuka suna sa marubuci ya zama mai ladabi da biyayya. Da yawa sun ce haushin 1921 ne bai huce ba, kuma ina ganin duka biyun akwai.

Elmer Gantry, na 1927, shi ya fi tayar da ƙura. Lewis ya tare a Kansas City, ya riƙa tara limaman coci a ɗakin otal yana yi musu tambayoyi, yana halartar wa'azi. Ya fito da Gantry, mashayi, manemin mata, wanda ya gano cewa murya mai daɗi da hawaye a kan mumbari sun fi kowace sana'a kawo kuɗi da iko. An hana sayar da littafin a Boston, an yi ta tsine masa a coci-coci, amma a shekarar babu ƙagaggen labarin da ya kai shi kasuwa a Amurka. Wanda ya ce littafin yaƙi ne da addini bai karanta shi da kyau ba. Akwai wani limami a ciki, Frank Shallard, mai gaskiya da tsoron yin ƙarya, shi aka yi wa dukan da ya makantar da shi, Gantry kuwa sai hawa yake. Mai cin abinci da addini ne Lewis ya sa a gaba.

A 1930 ya zama Ba'amurke na farko da ya samu kyautar Nobel ta adabi, wannan karon ya karɓa. A jawabinsa a Suwidin ya ce mutanensa suna tsoron duk wani rubutu da ba yabon Amurka ba ne.

To, yanzu ga littafin da ka tambaya. Abu uku suka haɗu. Na farko, matarsa ta biyu, Dorothy Thompson, wadda ya aura a 1928, babbar 'yar jarida ce da ta san Jamus ciki da bai. Ta yi hira da Hitler a 1931, ta fito ta ce mutumin nan bai kai ya mulki ƙasa ba. Cikin shekara biyu ya hau mulki, a 1934 kuma gwamnatinsa ta kore ta daga Jamus. Wato a teburin cin abincin gidansa Lewis ya ga yadda mai hankali da ilimi ke raina haɗari har ya auku. Na biyu, karayar tattalin arziki: a 1933 kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Na uku, mutanen da yunwar ta haifar. Akwai Charles Coughlin, limamin Katolika da miliyoyi ke saurare a rediyo. Akwai kuma Huey Long, tsohon gwamnan Louisiana kuma sanata, wanda ya gina hanyoyi da gadoji, ya raba wa yara littattafan makaranta kyauta, ya kuma murƙushe duk mai ja da shi a jihar, yana alkawarin raba dukiyar attajirai, yana shirin neman shugabancin ƙasa. Lewis ya zauna a gonarsu ta jihar Vermont ya rubuta littafin cikin 'yan watanni a 1935. An harbi Long ranar 8 ga Satumba, ya cika bayan kwana biyu, littafin kuma ya fito a watan Oktoba. Ka ga ke nan abin da ke gabansa ya kalla.

A cikin labarin, Sanata Buzz Windrip ya ƙwace takarar jam'iyya daga hannun shugaban ƙasa Roosevelt, ya ci zaɓen 1936. Mutum ne mai barkwanci, mai magana irin ta talakawa, wanda in ka saurare shi sai ka ji kamar da kai kaɗai yake, in ka koma gida kuma ka rasa abin da ya faɗa. Ya yi wa kowane gida alkawarin dala 5,000 a shekara. A cikin manufofinsa 15 akwai hana baƙaƙen fata zaɓe da riƙe muƙami, da mayar da mata gida, da mayar da majalisa 'yar ba da shawara kawai. Duk a rubuce suke, a fili, amma kowa ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi ya ce sauran zancen kamfe ne. Yana hawa, 'yan bangarsa da ake kira Minute Men suka zama rundunar gwamnati. Aka kame 'yan majalisa, aka rushe jihohi aka mayar da su larduna 8, aka buɗe sansanonin tsare mutane. Limamin rediyon da ya tara masa jama'a yana cikin na farkon da aka kulle.

Sai dai tauraron littafin ba Windrip ba ne. Doremus Jessup ne, dattijo ɗan shekara 60, editan wata ƙaramar jarida a Vermont, mai son karatu da zaman lafiya, mai ganin komai zai wuce. Mulkin kama-karya bai zo masa da fuskar shugaban ƙasa ba. Ya zo masa da fuskar Shad Ledue, ɗan aikin gidansa, mai hura masa wuta da share masa ƙanƙara, wanda Jessup ya daɗe yana yi wa kallon malalaci marar wayo, bai taɓa tambayar kansa me ke cikin zuciyar mutumin ba. Shad ya shiga banga, aka wayi gari shi ne kwamishinan yankin, yana shiga falon maigidansa na da ba sallama. Ranar da Jessup ya yi ƙarfin hali ya rubuta sharhi yana sukar gwamnati, aka gurfanar da shi gaban wani alƙalin soja mai laushin murya da iya gaisuwa, Effingham Swan. Surukin Jessup, mijin 'yarsa, likita ne, ya faɗo ɗakin yana faɗa a kan a saki dattijon. Swan ya sa aka fita da shi bayan gini aka harbe, sannan ya mayar da Jessup ofishinsa da sharaɗin ya koya wa wanda zai gaje shi aiki, ya riƙa buga abin da aka ba shi. Ɗan Jessup na cikinsa, lauya, yana can yana kare gwamnatin yana samun ƙarin girma.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda Jessup ke zaune a kulle yana tunani, ya yanke cewa laifin ba na manyan attajirai ba ne kaɗai, ba kuma na 'yan siyasa masu zaƙin baki ba ne kaɗai. Laifinsa ne, shi da ire-irensa masu mutunci da sanin ya kamata, waɗanda suka yi kasala suka bar abin ya shigo ba su ɗaga murya yadda ya kamata ba. Wannan hukuncin Lewis ya yi wa ajinsa ne, masu karatu da rubutu, har da kansa. Daga baya Jessup ya shiga buga jarida a ɓoye, aka kama shi aka azabtar da shi a sansani, ya tsere Kanada, ya kuma dawo yana aikin ƙarƙashin ƙasa. Windrip kansa na hannun damansa ne ya hamɓarar da shi, shi ma wani ya kashe shi ya hau. Littafin ya ƙare ana tsakiyar gwagwarmaya.

Kamfanin fim na MGM ya sayi labarin sannan ya fasa yi a 1936. Amma ranar 27 ga Oktoba na shekarar, shirin wasan kwaikwayo na gwamnatin tarayya ya buɗe shi a dandali 21 cikin jihohi 17 a dare ɗaya, mako guda kafin zaɓe. Bayan zaɓen 2016 littafin ya sake shiga jerin waɗanda aka fi saya, daga nan ne maganar "ya hango" ta bazu. Af, akwai wata magana da ake yawan jingina masa, wai in kama-karya za ta zo Amurka za ta zo ne naɗe da tuta tana riƙe da gicciye. Ba a same ta a cikin rubutunsa ba, kada ka yaɗa ta da sunansa.

Gaskiya kuma, littafin yana da rauni. An rubuta shi da gaggawa, ana gani. Wasu babukan kamar rahoton jarida suke, wasu mutanen ciki kuma ba su da rai, allo ne kawai aka rataya musu ra'ayi. Lewis yakan yi tsawo, yakan maimaita, kuma in ya kama kwaikwayon muryar mutum ba ya sanin inda zai tsaya. Haka yake a zahiri ma: a wurin walima yakan tashi ya yi ta kwaikwayon ɗan talla ko mai wa'azi har mutane su gaji su watse.

Ƙarshen rayuwarsa abin tausayi ne. Giya ta ci shi. Aurensa da Dorothy ya mutu a 1942, babban ɗansa Wells ya mutu a fagen yaƙi a Faransa a 1944. Bai iya zama wuri ɗaya ba, ya sayi gida ya sayar, ya yi aboki ya ɓata. Duk da haka a 1947 ya fitar da Kingsblood Royal, labarin wani ma'aikacin banki farar fata a Minnesota da ya gano akwai baƙar fata a kakanninsa, ya faɗa a fili, maƙwabtansa da suke gaisawa kullum suka zo ƙofar gidansa da makamai. Masu sharhi farare da yawa sun yi masa kallon raini, amma ni ina sa shi cikin littattafansa masu ƙarfin zuciya, don ya nuna cewa wariyar launi ba a kudancin Amurka kaɗai take ba. Ya rasu a birnin Rum ranar 10 ga Janairu, 1951, yana da shekara 65, babu wani nasa a kusa. Aka kai tokarsa Sauk Centre aka binne. Garin da ya yi fushi da shi a 1920 yau yana da titi mai sunansa, 'yan wasan makarantar sakandaren garin kuma da sunan littafin Main Street ake yi musu laƙabi.

Game da inda za ka fara, shawarata ka fara da Babbitt, ko da yake It Can't Happen Here ne ya jawo ka. Turancinsa cike yake da karin maganar 'yan kasuwar Amurka na shekarun 1920, zai ɗan ba ka wuya a shafukan farko, amma ka daure, kada ka tsaya duba kowace kalma a ƙamus, muryar za ta zauna maka a kunne da kanta. In ka gama, ka ɗauki Elmer Gantry in kana da lokaci, sannan ka shiga na 1935. Tun a babin farko za ka tarar da kanka a wata liyafar cin abinci a otal ɗin garin Jessup, attajirai da matansu suna tafa wa wani janar mai ritaya da ke yabon yaƙi, kuma za ka gane su ɗaya bayan ɗaya, domin ka riga ka zauna da su a Zenith.